Tsaron Wasiƙar Imel Daga Kwamfuta Zuwa Saba: Yadda Ake Shirya Ƙofar Aikawa



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido. Wani ɗan akwati ne da ke cikin manhajar imel ta kwamfutar tebur, irin su Thunderbird da Outlook da Apple Mail, wanda bai wuce layi biyar ko shida ba: sunan saba, lambar ƙofa, irin tsaro, hanyar shaida, sunan mai akwati, da kalmar sirri. Galibin ma'aikata sau ɗaya suke ganinsa, watau ranar da aka kawo musu sabuwar kwamfuta, shi ma ɗin wani yaron ofis ne yake cike musu shi a gurguje, ya gwada aika wasiƙa ɗaya, in ta tafi shi ke nan. To, wasiƙa takan tafi ko an cike akwatin daidai ko an cike shi a karkace, kuma daga nan matsalar take farawa. Ma'aikacin da ba zai taɓa yarda masinja ya ɗauki fayil na asiri ba tare da ambulan da hatimi ba, sai ga shi yana aika irin wannan takarda, tare da mabuɗin akwatinsa, a buɗe, shekara da shekaru, bai kuwa sani ba.

Yadda abin ya faro

Domin mu fahimci dalilin da ya sa akwatin nan yake da waɗannan layuka, lalle ne mu koma baya kaɗan. A 1971 wani injiniya mai suna Ray Tomlinson, na kamfanin BBN a Amurka, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata ta hanyar sadarwar ARPANET, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ domin raba sunan mutum da sunan na'urar da yake. A watan Agusta na 1982 Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da takardar da ake kira RFC 821, wadda ta shimfiɗa ƙa'idar aika wasiƙa da aka sani da haruffa huɗu, SMTP. Har gobe wannan ƙa'ida ce take ɗaukar imel na duniya, ko da yake an yi mata gyare-gyare masu yawa.

Ƙa'idar tana tafiya kamar hira tsakanin baƙo da mai gida. Kwamfutarka ta ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 25, saba ta amsa da lamba 220, watau ina nan, shigo. Kwamfutarka ta yi gaisuwa da kalmar HELO ta faɗi sunanta, saba ta ce 250, watau na ji. Sa'an nan ta faɗi daga wa wasiƙar take, ta faɗi wanda za a kai wa, ta nemi izinin zuba saƙon, ta zuba, ta rufe da ɗigo ɗaya tak a kan layi shi kaɗai, ta yi sallama. Abubuwa biyu ne babu su a wannan hira. Na farko, ba a tambayar baƙo shaidar cewa shi ne wanda ya ce shi ne. Na biyu, duk maganar a fili ake yin ta, duk na'urar da saƙon ya ratsa tana iya karanta shi tun daga gaisuwa har sallama. Masu gidan waya za su ce wannan kati ne, irin wanda ake rubutu a bayansa a manna kan sarki a jefa a akwati ba ambulan.

Kada mu ga laifin Postel. Mutanen da ke kan hanyar sadarwar a lokacin ƙalilan ne, malaman jami'a da ma'aikatan bincike waɗanda galibi sun san juna, kuma al'adarsu ita ce kowace saba ta karɓi wasiƙar kowa ta miƙa gaba, kamar yadda matafiyi zai karɓi saƙon wanda bai sani ba ya kai garin da za shi. Da intanet ta buɗe wa 'yan kasuwa da sauran jama'a a shekarun 1990, sai wannan karamci ya zama bala'i. Masu tallar banza da 'yan damfara suka riƙa neman irin waɗannan sabobi masu buɗaɗɗiyar ƙofa suna zuba musu wasiƙu dubbai da sunan ƙarya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Gyaran ya zo cikin 'yan watanni. A Disamba na 1998 takardar RFC 2476 ta raba aikin gida biyu: ƙofa ta 25 ta zama ta sabobi tsakaninsu, aka keɓe ƙofa ta 587 domin mutum ya miƙa wasiƙarsa ga sabar da ya yi rajista da ita. A Janairu na 1999 takardar RFC 2487 ta kawo umarnin STARTTLS domin rufe hirar, a Maris na wannan shekara kuma RFC 2554 ta kawo hanyar da saba za ta nemi suna da kalmar sirri kafin ta karɓi wasiƙa. Saboda haka darasi na farko shi ne, mai kwamfutar tebur ba shi da abin yi a ƙofa ta 25. Kamfanonin da ke ba da intanet da yawa ma sun toshe ta ga masu amfani na gida da na ofis, domin ta nan kwamfutocin da cuta ta kama suke watsa wasiƙun banza.

Zaurancen na'ura

Rufe hirar da na ambata yana nufin mayar da ita zaurance, ta yadda mai saurare a hanya zai ji sauti amma ba zai gane ma'ana ba. Bambancinsa da zaurancen 'yan mata da muka sani shi ne, wancan duk wanda ya koyi dabarar ya gama da shi, wannan kuwa dabarar a rubuce take kowa yana iya karantawa, asirin yana cikin mabuɗi ne kawai, watau wata doguwar lamba da ake ƙirƙira sabuwa domin kowace hira. Tambayar da za ta zo wa mai hankali ita ce, yaya na'urori biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su shirya mabuɗi a gaban mai saurare ba tare da ya ji ba? Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford ne suka wallafa amsar a 1976. Kowane ɓangare yana riƙe wata lamba tasa a ɓoye, ya yi lissafi da ita ya aika sakamakon a fili, ɗayan ma ya yi haka, sa'an nan kowa ya haɗa abin da ya karɓa da abin da ya ɓoye, sai su biyun su iso ga lamba guda. Mai saurare ya ga sakamakon biyu, amma komawa daga gare su zuwa lambobin da aka ɓoye lissafi ne da zai cinye wa manyan kwamfutoci shekaru marasa iyaka.

Kamfanin Netscape ne ya shigo da wannan ilmi cikin harkar intanet ta yau da kullum, da tsarin da ya kira SSL, wanda nau'insa na 2 ya fito a 1995, na 3 kuma a 1996. Da tsarin ya koma hannun masu shata ƙa'idojin intanet sai aka sake masa suna ya zama TLS: nau'i na 1.0 a 1999, na 1.1 a 2006, na 1.2 a 2008, na 1.3 a 2018. An gano babban rauni a SSL na 3 a 2014, aka haramta shi a 2015, a Maris na 2021 kuma aka yi wa TLS 1.0 da 1.1 ritaya. To amma sunan SSL ya ƙi mutuwa, yadda har yau wasu tsofaffi suke ƙidaya kuɗi da fam da sule. In kun ga an rubuta SSL/TLS a cikin manhaja, TLS ake nufi.

Akwai abin da ya biyo bayan wannan ritaya wanda ya shafi ofisoshinmu kai tsaye. Tsohuwar kwamfuta mai tsohuwar manhaja tana iya wayar gari ta kasa aika wasiƙa alhali ba wanda ya taɓa ta, domin sabar ta daina jin tsohon zaurancen. Microsoft ta daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a Janairu na 2020, da Windows 10 a Oktoba na 2025. Thunderbird kuwa tun nau'insa na 78, wanda ya fito a 2020, ya daina yarda da abin da ya gaza TLS 1.2 sai in mutum ya tilasta masa. Maganin irin wannan matsala shi ne sabunta manhaja. Abin da na fi gani ana yi kuwa shi ne a kashe tsaron gaba ɗaya domin wasiƙar maigida ta tafi kafin a tashi daga aiki.

Ƙofa ta 465 da ƙofa ta 587

Yanzu mun iso wurin da aka fi ruɗewa, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Hanyoyi biyu ne ake shiga zaurance. A hanya ta farko, da zarar an ƙwanƙwasa ƙofa sai a fara da zaurance, ko gaisuwa ba a yi a fili. Wannan ita ce hanyar ƙofa ta 465, kuma ita manhajoji suke rubutawa SSL/TLS. A hanya ta biyu ana fara gaisawa a fili, saba ta lissafa abubuwan da ta iya, in a cikinsu akwai STARTTLS sai kwamfutarka ta ce to mu koma zaurance, daga nan a rufe sauran hirar. Wannan ita ce hanyar ƙofa ta 587.

Tarihin ƙofa ta 465 yana da ban dariya. An yi mata rajista a 1997 domin aika wasiƙa a rufe, kafin ƙarshen 1998 aka soke rajistar bisa hujjar cewa STARTTLS ya wadatar, daga baya ma aka ba wa wani aiki dabam lambar. Jama'a suka ƙi bari. Manyan kamfanonin imel da manhajoji suka ci gaba da amfani da ita kusan shekara ashirin ba bisa ƙa'ida ba, littattafan koyarwa suna ta cewa tsohuwar hanya ce a guje ta. A Janairu na 2018 sai takardar RFC 8314, wadda Keith Moore da Chris Newman suka rubuta, ta dawo da ita, har ta fifita ta a kan ɗayar. Saboda haka in kun karanta a wani wuri cewa 465 ta tsufa, ku duba shekarar da aka yi rubutun.

Me ya jawo wannan juyi? Raunin STARTTLS yana cikin 'yan kalmomin nan na farko da ake faɗa a fili. Wanda ya tsaya a tsakiya, ko dai mai na'urar Wi-Fi ta otal, ko kamfanin sadarwa, ko wata hukuma, yana iya goge kalmar STARTTLS daga jerin da saba ta aiko. Kwamfutarka ta duba ba ta gani ba, sai ta ɗauka sabar ba ta iya zaurance ba, in kuwa an shirya ta ta yi haƙuri da haka, sai ta ci gaba a fili, ta miƙa suna da kalmar sirri da wasiƙa. An ga wannan yana faruwa a zahiri. A 2015 masu bincike daga Jami'ar Michigan da Jami'ar Illinois da kamfanin Google sun wallafa cewa kimanin kashi 96 cikin 100 na wasiƙun da ake aikawa daga Tunisiya zuwa Gmail an tuɓe musu wannan rufi a hanya. Wancan binciken ya shafi hirar sabobi ne tsakaninsu, amma dabarar ɗaya ce. A 2021 wasu masu bincike, galibinsu daga wata jami'ar kimiyya da ke Munster a Jamus, suka gwada manhajojin imel 28 da sabobi 23, suka samu kurakurai fiye da 40 masu alaƙa da yadda ake sauyawa daga fili zuwa zaurance.

Ra'ayina a nan a fili yake. In sabarku tana da ƙofa ta 465, ku zaɓe ta tare da SSL/TLS. In 587 aka ba ku, ba laifi, muddin an shirya manhajar ta tilasta STARTTLS, watau in ba ta samu ba ta ƙi aikawa ta nuna kuskure. Abin gudu shi ne zaɓin da tsofaffin manhajoji suke da shi mai cewa a yi zaurance in akwai hali, da kuma zaɓin da yake bar wa manhaja ta yanke shawara da kanta, domin mai shi ba zai san abin da ta zaɓa masa ba. Gmail yana karɓa ta smtp.gmail.com a ƙofofin biyu, Yahoo ma haka ta smtp.mail.yahoo.com, Microsoft kuwa ta tanadi 587 da STARTTLS, ta smtp.office365.com ga ofisoshi. Ma'aikacin da akwatinsa yake ƙarƙashin sabar ma'aikatarsa ko jami'arsa sai ya nemi waɗannan bayanai a rubuce daga sashen kwamfuta.

Dole lambar ƙofa da irin tsaro su dace. Wanda ya sa 465 ya zaɓi STARTTLS zai ga manhajarsa ta tsaya cik tana juyi har ta gaji, domin ita tana jiran a yi mata maraba a fili, saba kuwa tana jiran a fara zaurance, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya soma. Wanda ya sa 587 ya zaɓi SSL/TLS shi kuma nan take zai samu kuskure. Tsofaffin nau'o'in Outlook sun ƙara dagula lissafi, domin sun kira hanya ta farko SSL, suka kira ta biyu TLS, sai mutane suka ɗauka zaɓi ne tsakanin tsoho da sabo, alhali zaɓi ne tsakanin ƙofa biyu.

Takardar shaida

Zaurance shi kaɗai bai isa ba. In ka yi zaurance da ɓarawo kana zaton aminin ka ne, asirinka ya tonu duk da haka. Shi ya sa a farkon hirar saba take gabatar da takardar shaida mai ɗauke da sunanta, da ranar fara aikinta da ranar ƙarewa, da sa hannun wata hukumar shaida da kwamfutarka ta riga ta amince da ita. Aikinta shi ne aikin tambarin da sarakuna suke bugawa a wasiƙa domin wanda aka kai wa ya san daga ina ta fito. Manhaja tana duba sa hannun, ta duba kwanan wata, ta duba ko sunan da ke takardar shi ne sunan da ka rubuta a layin saba. In ɗaya ya saɓa sai ta fito da gargaɗi.

Galibin wannan gargaɗi ba daga maƙiyi yake zuwa ba, abin da ya sa mutane suka raina shi ke nan. Wani lokaci agogon kwamfuta ne ya koma shekarun baya saboda ɗan batirin da ke cikinta ya mutu, abin da ake yawan gani a ofisoshin da wuta take zuwa tana tafiya, sai takarda mai kyau ta zama kamar wadda lokacinta bai yi ba. Wani lokaci ma'aikatar ce ta yi hayar wuri a sabar wani kamfani, aka ce wa ma'aikata su rubuta sunan ma'aikatar, alhali takardar shaidar sunan kamfanin take ɗauke da shi. Wani lokaci kuma takardar ce ta ƙare aka manta ba a sabunta ba. Kowanne yana da gyaransa: a daidaita agogo, a tambayi ainihin sunan da ke takardar, a sanar da mai kula da saba. Uzurin tsada ma ya ƙare tun 2015, da hukumar Let's Encrypt ta fara ba da takardun shaida kyauta. Illar danna maɓallin amincewa domin gargaɗin ya gushe ita ce, hannu yana sabawa, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo sai a danna kamar kullum.

Hukumomin shaida su ma sukan faɗi. A 2011 aka kutsa cikin wata hukuma ta ƙasar Holan mai suna DigiNotar, aka buga takardun ƙarya da sunan Google, aka yi amfani da su wajen leƙen asirin masu Gmail a Iran, waɗanda aka ƙiyasta sun kai 300,000. Masu manhajoji suka cire hukumar daga jerin amintattu, a Satumba na wannan shekara kamfanin ya rushe.

Suna da kalmar sirri

Sai batun shaidar mai aikawa. A tsohon tsarin Outlook akwai wani ɗan gurbi da ake sa wa alama domin nuna cewa sabar aikawa tana bukatar shaida. Wanda ya manta da shi zai ga wasiƙu suna shigo masa amma nasa ba sa fita, ana mayar masa da lamba 530 ko 550. Lamba 535 kuwa tana nufin an ƙi sunan ko kalmar sirrin da ya bayar. Ku tuna sabobi da yawa cikakken adireshi suke so a layin suna, har da abin da ke bayan alamar @.

Kalmar sirri ta yau da kullum ana juya ta da wani tsari mai suna Base64 kafin a aika. Wanda ya gan ta zai ɗauka an ɓoye ta, amma sauya rubutu ne kawai, kamar mutum ya rubuta asirinsa da ajami yana zaton don ya bar boko ba mai karantawa. Kariyarta duka daga TLS take. A cikin Thunderbird akwai zaɓi biyu masu yaudarar ido, ɗaya sunansa yana nufin kalmar sirri ta al'ada, ɗayan kuma ɓoyayyar kalmar sirri. Kowa zai so ya zaɓi na biyu saboda sunansa, amma wata tsohuwar dabara ce ta shekarun 1990 mai suna CRAM-MD5, wadda aka ƙirƙira domin zamanin da babu rufi, manyan sabobi da yawa ba sa ma karɓarta. Na al'ada a cikin TLS shi ne daidai.

Manyan kamfanoni sun ƙara matsawa gaba. Daga 30 ga Mayu 2022 Google ta daina yarda manhaja ta shiga akwatin Gmail na mutum da kalmar sirrinsa ta asali kawai, Microsoft ma ta yi haka ga akwatunan Outlook.com daga 16 ga Satumba 2024. Abin da ya maye gurbi shi ne tsarin OAuth2, wanda aka shata a 2012. In ka zaɓe shi, manhaja takan buɗe maka shafin kamfanin, ka shiga a can, ka tabbatar da lambar da aka aiko wa wayarka, sa'an nan kamfanin ya ba manhajar wata takardar izini ta musamman. Manhajar ba ta riƙe kalmar sirrinka, in kuma aka sace kwamfutar kana iya soke izininta daga wata na'ura ba tare da ka taɓa sauran ba. Ga tsofaffin manhajoji da injinan ofis masu ɗaukar hoton takarda su aika, waɗanda ba su san OAuth2 ba, Google tana ba da kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16, amma sai ga wanda ya kunna shaida mai mataki biyu.

Zan wuce ɓangaren karɓar wasiƙa da sauri tunda ba shi ne batunmu ba. Ƙofofinsa masu rufi su ne 993 ga IMAP da 995 ga POP3. Kalmar sirri ɗaya ce take bi ta ɓangarorin biyu, don haka rufe ɗaya a bar ɗaya aikin banza ne.

Iyakar abin da aka tsare

Ya Shugaba, ba zan so jama'a su tashi da zaton cewa wanda ya cike akwatin nan daidai ya gama tsare wasiƙarsa ba. Zango ɗaya ya tsare, daga teburinsa zuwa sabarsa. A can ana buɗe wasiƙar, mai kula da saba yana iya ganinta, daga nan ta kama hanya zuwa sabar wanda aka aika wa ta ƙofa ta 25, inda galibi rufin na in akwai hali ne, sai dai in masu sabobin sun ɗauki ƙarin matakai irin su DANE na 2015 ko MTA-STS na 2018. Wanda yake son kada kowa ya karanta sai wanda aka rubuta wa, sai ya rufe wasiƙar ita kanta da S/MIME ko da PGP, wanda Phil Zimmermann ya fitar a 1991, wanda kuma Thunderbird ya shigar cikin jikinsa a 2020. Ko da haka, sunan mai aikawa da na mai karɓa da lokacin aikawa suna nan a fili, kamar rubutun bayan ambulan.

Har ila yau, rufin hanya ba ya hana wani ya ari sunanka. Wannan aikin wasu tsare-tsare ne, SPF da DKIM da DMARC, waɗanda mai kula da sunan ma'aikata yake kafawa, kuma tun Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka wajabta su ga masu aika wasiƙu da yawa. Su ma ba sa kama wanda ya yi rajistar suna mai kama da naka. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya kafa kamfani da suna irin na Quanta Computer na Taiwan, ya riƙa aika wa Google da Facebook takardun neman biya, ya karɓi fiye da dala miliyan 100, kafin wata kotu a Amurka ta yanke masa shekara 5 a 2019. Kamfanonin da suka fi kowa sanin wannan fanni ke nan. Akawun da aka aiko wa wasiƙar sauya lambar asusun ɗan kwangila, ya ɗauki waya ya kira lambar da ya sani tun da, kafin ya biya.

Ga ma'aikatan gwamnati a Nijeriya akwai kuma fuskar doka. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk ma'aikatar da ke riƙe da bayanan mutane alhakin ɗaukar matakan tsaro da suka dace, ta ambaci rufe bayanai a cikinsu, ta kuma ce in aka samu ɓaraka mai hatsari ga mutanen a sanar da hukumar kula da wannan doka cikin awa 72. Jerin albashi, sakamakon jarrabawa, takardun asibiti, duk sun shiga ciki. Ma'aikacin da yake aika irin waɗannan ta akwatinsa na kansa, maimakon na ma'aikata, ya fitar da su daga hannun ofishin da doka za ta tambaya.

Abin da ya rage shi ne yadda mutum zai tabbatar da aikinsa, domin na faɗa tun farko cewa tafiyar wasiƙa ba shaida ba ce. Ka aika wa kanka wasiƙa zuwa wani akwati dabam, ka buɗe ta, ka nemi manhaja ta nuna maka asalin saƙon da dukkan kanunsa. Za ka ga layuka masu farawa da kalmar Received, kowace sabar da wasiƙar ta ratsa ta buga nata a sama, kamar hatimin gidajen waya. Na can ƙasa shi ne zangon farko, watau naka. Bisa ga takardar RFC 3848 ta 2004, in an rubuta ESMTPSA a wurin, harafin S na biyu yana nuna an yi rufi, A kuma yana nuna an karɓi shaidarka. In ESMTPA kawai ka gani, an shaida ka amma mai yiwuwa kalmar sirrinka ta tafi a buɗe, sai ka gyara akwatin, ka kuma sake kalmar sirrin a ranar. Sabobi da yawa sukan ƙara rubuta nau'in zaurancen a gefe, abin da ake so a gani shi ne TLS 1.2 ko 1.3.

Ya Shugaba, a nan zan dakata, domin a ba masu tambaya dama.